Gidan littattafai guda, ƙofa biyu

Gidan littattafai wuri ne da ake tara littattafai da jaridu da sauran takardu, don mutane su zo su karanta. Da faransanci ana ce masa bibiliyotek. Maƙwabtanmu na Najeriya suna cewa laburare. Ba a saida littafi a ciki. Ana rubuta sunanka, a ba ka kati, ka ari littafi ka tafi da shi gida. Bayan sati 2 ko 3 ka maido, wani kuma ya ɗauka.

A manyan garuruwan duniya, gidan nan iri biyu aka fi sani. Akwai na gari, wanda hukumar gari take riƙe da shi. Kowa na iya shiga: yaro, tsoho, ɗan kasuwa, mai aikin hannu. Akwai kuma na jami'a, wato babbar makarantar da ake shiga bayan an gama lise. Shi wannan, bisa al'ada, na ɗalibai ne da malamansu. Yawanci cikin shingen makaranta yake, kuma mai gadi na bakin ƙofa yana tambayar kati. Dukansu biyu da kuɗɗin jama'a ake gina su. Amma kowane da gininsa, da ma'aikatansa, da kasafinsa.

To, a wasu garuruwa an yi tunani an ce: me zai hana a haɗa su wuri guda? Aka haɗa, aka kuma zaɓi a kafa ginin a unguwar da ta fara mutuwa, don ta farfaɗo. Za mu duba yadda abin ya kasance.

Yadda tsakiyar gari take mutuwa

Kowa ya san abin da ke faruwa in an ɗauke tashar mota daga wata unguwa an kai ta bayan gari. Da farko mai shayi ne zai tashi. Sai mai tuwo ta bi shi. Mai faci ya rufe, mai kanti ya ga ciniki ya ja baya. Bayan ƴan shekaru sai ka ga rumfuna babu kowa, sai awaki. Gidajen suna nan, hanyar tana nan, mutane ne suka daina bi ta wurin. Unguwa da ƙafar mutane take rayuwa.

Manyan biranen turawa ma sun ga irin haka. Mu ɗauki San Hose, wani birni a jihar Kaliforniya ta ƙasar Amurka, mai mutane wajen miliyon 1. A da gari ne na manoma, kewaye da gonakin itatuwa masu ƴaƴa. Bayan yaƙin duniya na biyu, mutane suka samu motoci, suka riƙa gina gidaje nesa da tsakiyar gari. A 1956 aka buɗe wata babbar kasuwar zamani a gefen gari, mai filin aje motoci. Manyan kantuna suka fara barin tsakiya ɗaya bayan ɗaya. A 1958 ita kanta ma'aikatar magajin gari ta tashi ta koma wata unguwa. Tsakiyar gari ta zama wurin da ake tsoron bi da dare.

Abu guda bai tashi ba, shi ne jami'ar jiha ta San Hose. Tsohuwar makaranta ce, an kafa ta tun 1857, kuma ta fi shekara 100 tana zaune a tsakiyar birnin. Dubban ɗalibai na shiga suna fita kullum. Sai dai zamansu da ƴan gari kamar zaman maƙwabtan da ba su gaisawa ne. Ɗalibi ya zo, ya yi karatu, ya shiga mota ya tafi. Ɗan gari kuma yana ganin makarantar ba tasa ba ce.

Shawarar mutum biyu

Cikin shekarun 1990, ɓangarorin biyu suna da damuwa iri ɗaya. Gidan littattafan gari, wanda aka buɗe a 1970, ya yi wa birnin kaɗan. Na jami'a ma ya cika, kuma littattafanta suna rabe cikin gini biyu. Kowa na son sabon gini, babu mai kuɗɗin yin babba shi kaɗai.

A 1997 magajiyar garin, Suzan Hama, da shugaban jami'ar, Robat Karet, suka sanar da cewa za su gina guda ɗaya tare. A 1998 aka sa hannu kan takardar yarjejeniya. Aka buɗe gidan ranar 1 ga watan Agusta 2003. An sa masa sunan Martin Luta Kin, jagoran baƙaƙen fatar Amurka da ya yi gwagwarmayar neman ƴancinsu, wanda aka kashe a 1968.

Gini ne mai hawa 8, da wani sashe a ƙarƙashin ƙasa. In da za a shimfiɗa benayen nan duka a ƙasa, za su rufe gona mai hekta 4 da ƴan kai. Ya ci dala miliyon 177 da rabi. A lura, dalar Amurka ake nufi, ba tamu ta tamma 5 ba. A canjin wancan lokaci, kuɗɗin sun kai wajen miliyar 100 na sefa. Gwamnatin jiha ta ba da kaso mai yawa. Hukumar da birnin ya kafa musamman don gyaran tsofaffin unguwanni ita ma ta zuba nata, sauran kuma jami'a da masu taimako suka cika. Sa hannun wannan hukuma ya nuna mana cewa tun farko ba littafi kaɗai aka duba ba, har da unguwar.

Abin da ya fi burge ni a ginin nan shi ne ƙofofinsa. An kafa shi daidai kusurwar filin jami'a, inda makaranta ta haɗu da titin gari. Aka yi masa babbar ƙofa biyu. Ɗaya na duban titi, ɗaya na duban cikin makaranta. Tsakaninsu akwai wani dogon zaure mai faɗi. Mutum na iya shiga ta ƙofar gari, ya ratsa, ya fita ta ɗayar, sai ga shi cikin jami'a, babu wanda ya tare shi. Ku yi tunanin yaron da babu wanda ya taɓa yin dogon karatu a gidansu. Uwarsa ta kawo shi sashen yara tun yana shekara 5. Yana tasowa yana ganin ɗalibai da jakunkunansu. Ranar da ya isa shiga jami'a, wurin ba baƙo ba ne gare shi.

An raba benaye bisa buƙata. Na ƙasa sun fi hayaniya: nan ne sashen yara, da sababbin littattafai, da jaridu. Akwai kuma littattafai cikin harsuna da dama, kamar sifaniyanci da harshen Biyetnam da na Sin, domin birnin cike yake da baƙi da ɗiyansu. In ka hau sama, sai shiru ya ƙaru. Can ne manyan littattafan bincike suke.

Gardamar da aka sha

Kada ku ɗauka kowa ya yi murna. Malaman jami'a da yawa sun ƙi abin, har suka yi ƙungiya don su hana. Suka ce: in ɗan gari ya ari littafin da ɗalibi ke buƙata ana gab da jarrabawa fa? In yara suka cika wurin da surutu fa? Su ma ƴan gari da nasu tsoro. Suna ganin ɗalibai za su mamaye kujeru duka, mai ƙaramin karatu ya ji kunyar shiga.

A ganina kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Mata biyu ma in suna girki a murhu guda, sai an tsara wa zai fara ɗora tukunya. Abin da ya taimaka shi ne an zauna an rubuta kome dalla-dalla: wane sashe ne na wa, wa zai biya wuta da ruwa da masu gadi, kuma kashi nawa. Ma'aikatan gari suka ci gaba da karɓar albashi daga hukumar gari, na jami'a daga jami'a. Shugabanni ma biyu ne, kowa da nasa. Littattafan da malami ya ware don darasinsa, ɗalibai ake ba. An kuma keɓe wasu awoyi na dare don ɗalibai kaɗai, bayan an sallami sauran jama'a.

Unguwar fa, ta tashi? Ta motsa ƙwarai. A 2005 ma'aikatar magajin gari ta dawo tsakiya, cikin sabon gini kusa da gidan littattafan, bayan shekara 47 da tashinta. An gina gidajen haya masu benaye, an buɗe wuraren cin abinci. Amma gaskiya ita ce ba gidan littattafai kaɗai ya yi wannan aiki ba. An sa ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari tun kafin a gina shi, an kuma yi wasu manyan gine-gine. Matsala ma ba ta ƙare ba. San Hose na cikin biranen da haya ta fi tsada a Amurka, kuma akwai mutane da yawa marasa wurin kwana. Wasunsu a gidan littattafan nan suke wuni, tunda nan ne wurin da ba a korar mutum don ba shi da kuɗɗi. Wasu masu karatu na ƙorafi a kan haka. Ni dai ina ganin gidan da aka ce na kowa ne, ba a zaɓar wa zai shiga. Bayan annobar korona ta 2020 kuma, ma'aikata da yawa sun koma yin aiki daga gida, biro-biro na tsakiyar birnin suka rage mutane.

Amya a bakin kogi

Misali na biyu a Ingila yake, a wani gari da ake kira Wusta, mai mutane wajen 100.000. Garin na bakin kogin Seban. An san shi da sana'ar tangaran tun 1751, da ɗinkin safar hannu. Sana'o'in nan sun ja baya, masana'antu suka rufe. Jami'ar garin kuwa tana ƙetaren kogi, can gefe.

Kusa da tsakiyar gari akwai wani yanki da aka yi watsi da shi, gefen gadar jirgin ƙasa. A nan tsohon asibitin garin yake, wanda aka rufe a 2002 da aka gina sabo. Kusa da shi kuma akwai filin da hukuma ke aje motocinta da kayan aiki. Jami'a ta sayi tsohon asibitin, ta gyara shi, ta maida shi ajujuwa a 2010. A filin motocin kuwa, jami'a da hukumar yankin suka haɗa kuɗɗi suka gina gidan littattafai guda. Ya ci fam miliyon 60 na Ingila, wato kusan miliyar 50 na sefa. An buɗe shi a watan Yuli 2012, sarauniya Elizabet ta biyu ce ta zo bikin. Sunansa Hive, ma'anarsa amya, irin wadda ake rataya wa zuma a bisa itace.

Su mutanen Wusta sun wuce na San Hose wajen haɗawa. Littattafan gari da na jami'a, wajen 250.000, a kanta guda aka jera su. Mai neman littafin kiwon kaji zai tarar da mai sauƙi da mai zurfi gefe da gefe, ya ɗauki wanda ya yi masa. Waɗanda ɗalibai suka fi buƙata ne kawai aka yi wa alama: ɗalibi zai iya fita da su, ɗan gari kuma ya karanta a nan ciki. An kawo tsofaffin takardun tarihin yankin an aje a gidan. An buɗe babban sashen yara. An kuma sa wurin da mutum zai je neman bayani kan ayyukan hukuma. Kun ga dabara: wanda ya zo don wata takarda, ba da niyyar karatu ba, sai ya ratsa ta gaban littattafai. An tsara buɗe gidan kwana 7 a sati, daga ƙarfe 8 da rabi na safe har 10 na dare. A shekarar farko an ƙidaya shiga kusan miliyon 1.

Akwai wani abu a ginin da ya kamata magina su ji. Rufinsa na da tsini 7 masu kama da bakin tanderu, an lulluɓe su da ƙarfe mai launin zinariya. Ba ado kaɗai ba ne. Ta nan haske ke shigowa, ta nan kuma iska mai zafi ke fita, tunda zafi sama yake hawa. In ana son ƙarin sanyi, ruwan kogi ake jawowa ta bututu ya sanyaya ginin, sannan a maida shi. Da haka aka rage kuɗɗin wuta sosai.

Me ya sa gidan littattafai?

Wani zai ce: in ana son unguwa ta tashi, me zai hana a gina filin ƙwallo ko manyan biro? Amsar tana cikin lissafin lokaci. Filin ƙwallo rana ɗaya yake cika a sati, sauran kwanaki a rufe. Biro kuma da an tashi aiki sai a kulle. Gidan littattafan da gari da jami'a suka haɗa, shi kusan kullum da mutane. Da safe tsofaffi da masu neman aiki. Da rana mata da ƙananan yara. In an tashi lakwal ƴan makaranta su cika shi. Da dare kuma ɗaliban jami'a, waɗanda ba su gajiya da zama. Na gari shi kaɗai ba zai iya biyan ma'aikatan dare ba. Na jami'a shi kaɗai kuma yakan zama kango lokacin hutu. In an haɗa, ɗaya na cike giɓin ɗaya.

Mutanen nan duka suna cin abinci, suna shan shayi, suna hawan mota, suna sayen bik da kaye. Inda fitila ke kunne kuma mutane na wucewa, ɓarawo ba ya sakewa. Ga shi ba a biyan kuɗɗin shiga, saboda haka talaka ma na cikin masu zuwa.

Sai dai haɗin gwiwa na iya warwarewa. A ƙasar Suwidin, a wani ƙaramin gari mai suna Harnosan, an buɗe irin wannan gida a shekara ta 2000. A 2016 jami'ar ta kwashe ɗalibanta da malamanta ta koma wani gari da ya fi girma, Sunsbal. Ginin na nan, ƴan gari na amfani da shi, amma abokin tarayya ya tafi da ɗalibansa. Don haka masu rubuta yarjejeniya sai su sa har da abin da za a yi ranar rabuwa.

Mu fa a nan?

Shekaru da yawa, ɗalibin da ke son shiga jami'ar gwamnati a Nijar sai ya tafi Yamai, ya ƙetare gadar Kenedi zuwa Harobanda. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram. A 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Wato yanzu garuruwanmu na da abin da San Hose da Wusta suke da shi: jami'a a gefe guda, jama'ar gari a gefe guda, kowa na kukan rashin littattafai da rashin kuɗɗi.

Ba wanda zai ce mu gina bene mai hawa 8. Miliyar 100 ba wasa ba ce, ga rijiyoyi da gidajen likita na jira. Amma dabarar ba ta tsaya ga girman gini ba. A garuruwanmu akwai tsofaffin gine-ginen hukuma da ba a amfani da su, akwai gidajen matasa da ke buƙatar gyara. Mun ma ga misalin sabunta tsohon gini a ƙasarmu. A Dandaji, cikin jihar Tawa, an gina sabon masallaci, aka gyara tsohon na ƙasa aka maida shi gidan littattafai a 2018. Wata ƴar Nijar mai zanen gine-gine, Mariyam Kamara, na cikin waɗanda suka tsara aikin, kuma maginan gargajiya sun sa hannu. Dandaji ba ta da jami'a, amma ta nuna cewa ba dole sai an rushe an zuba siminti ba.

Wannan magana ta shafe ku kai tsaye, ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci. Kun yi watanni kuna zuwa bayan wahalar gona da kasuwa da aikin gida. Yanzu kun iya haɗa baƙi, kun iya rubuta wasiƙa. Amma mu malamai mun sha gani: wanda ya gama aji bai samu abin karantawa ba, bayan shekara 2 ko 3 sai karatun ya fara zubewa, kamar wuƙar da aka daina wasawa. Littattafan da muke rabawa a aji ƴan kaɗan ne, kun haddace su. A lokaci guda kuma, ga ɗalibai a jami'a suna karanta ilimin noma da kiwo da lafiya da shari'a, abubuwan da ku kuka fi kowa buƙata. In da akwai wurin da ku da su kuke zama ƙarƙashin rufi guda, da ɗalibin noma ya ji daga bakin manomi abin da ke cin gero a gonarsa, manomi kuma ya samu mai fassara masa abin da ke cikin babban littafi.

Saboda haka, duk ranar da kuka ji hukumar gari ko shugabannin jami'a na shawarar gina gidan littattafai, ku tura wakilan kwamitinku su yi tambaya. A ina za a kafa shi, cikin gari inda ƙafa ke kaiwa, ko can bayan gari inda sai an biya kabu-kabu? Ƙofarsa titi za ta duba, ko cikin shinge? Wanda ba shi da katin ɗalibi zai shiga? Za a buɗe bayan sallar isha'i, lokacin da mai sana'a ya samu sarari? Mata za su samu wurin zama su da goyonsu?

Tambayar harshe kuwa, kada ku bari a tsallake ta. Kusan duk littattafan jami'o'inmu da faransanci suke, wasu da larabci ko ingilishi. In aka buɗe muku ƙofa kuka shiga, kuka tarar babu abin da za ku iya karantawa, ba za ku koma ba. Mutanen San Hose sun ware kantoci musamman don harsunan baƙinsu. Ku nemi a rubuta cikin yarjejeniya kaso nawa na kuɗɗin sayen littattafai za a kashe a kan na hausa da zabarmanci da fulatanci da tamashek da barbarci, na boko da na ajami, da kuma wanda zai riƙa zuwa Kano da Zariya yana sayo sababbin da ake bugawa.